Minti biyar: rayuwata a matsayin ɗan kwana-kwana mai jiran kira a Ayalan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ranar da na saka hoton nan nawa da hular kwano da rigar kashe gobara mutane suke ta kirana, wasu na min murna wai ashe na samu aikin gwamnati a Turai, wasu har sun fara turo min takardun ƙannensu in nema musu. Toh shi ne nace bari dai in zauna in faɗi yadda abun yake, don wallahi ba yadda kuke zato bane, kuma akwai abun da nake so masu irin aikina su ji, ko a ina suke.

Ni ɗan Kaduna ne, a Kakuri na tashi. Babanmu ma'aikacin masaƙa ne, ya yi shekaru yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun nan har aka wayi gari an garƙame ƙofa, kuma har yau bai ga cikakken haƙƙinsa ba. Ni kuma kanikanci na koya. Maman yara nas ce, ita ta fara samun aiki a Ayalan, daga baya a 2018 na biyo ta da yaran. Garin da muke ƙarami ne sosai, babban titi ɗaya, coci ɗaya, gidan mai biyu, duk inda ka waiga gonaki ne da shanu. Na samu aiki a wani garejin taya da gyaran birki, ina lallaɓawa.

Abun da mutane ba su sani ba shi ne, a ƙasar nan manyan birane ne kawai irin su Dublin da Cork da Limerick da Galway suke da 'yan kwana-kwana na cikakken lokaci, waɗanda suke zaune a tasha suna jiran aiki. Sauran ƙasar kaf, tashoshi wajen 200, mutane ne irina, mu kusan 2,000, kowa da sana'arsa, wannan manomi, wancan mai aikin famfo, wani direba, wani mahauci. Ana baka wata 'yar na'ura feja ka maƙala a ƙugu, duk lokacin da ta yi ƙara, dare ne ko rana, sai ka yar da abun da ke hannunka ka ruga tasha, kuma cikin minti biyar ake so ka iso. Shi yasa dole gidanka da wajen aikinka duk su kasance kusa da tashar. Ƙaramar hukuma ce ke ɗaukarka, ita ke biyanka.

Wani dattijo manomi ne ya ja ni, yana kawo tayar tarakta garejinmu, ashe shi ne direban motar kashe gobarar garin. Yace suna neman mutum ido rufe, ga gidana kusa, ga gareji kusa, ga shi na san inji. Na je gida na yi shawara da maman yara, tace in dai zan iya Allah ya taimaka. Aka yi gwajin lafiya, aka yi na ƙarfi, aka tura mu horo, hawan tsani da jan mesa da yadda ake yanka mota a zaro mutum. Amma wanda ya fi tsaya min a rai shi ne gemu. Takunkumin da ake sawa a shiga cikin hayaƙi, wanda ke haɗe da tukunyar iska a baya, dole robarsa ta manne da fata, in akwai gashi hayaƙi zai samu hanya. Na kira wani malamina a Tudun Wada na yi masa bayani, ya yi shiru yace ceton rai ba ƙaramin abu bane, ka je ka yi. Ranar da na aske ƙaramar 'yata ta ƙi yarda in ɗauke ta.

Shi aikin ina sonsa, wannan kam ba zan ɓoye ba. Minti biyar ɗin nan ne matsalar. Ka ga akuyar da aka ɗaure a turke, tana da 'yancin kiwo amma iya tsawon igiya, toh haka muke kafin yajin aikin 2023. A lokacin awa 24, kwana bakwai, sati 48 a shekara kana cikin jira. In kana son barin gari sai ka nemi izini, kuma ba za a baka ba sai in adadin da ake buƙata don mota ta fita ya cika ba tare da kai ba. Mu takwas ne a tasharmu lokacin, in ɗaya na hutu ɗaya ba lafiya, shikenan kowa ya zauna inda yake. Masallacin Juma'a mafi kusa da mu yana wani gari, tafiyar kusan minti ashirin da biyar a mota. Sai in tashi ranar Juma'a tun safe ina bin mutane a waya, wane kana gari yau, wane za ka iya tsaya min awa biyu, wani lokaci a dace wani lokaci in yi azahar ɗita a bayan gareji. Akwai sallar Idin da na sa sabuwar shadda na raka su bakin mota, maman yara ta ja su suka tafi, ni na dawo falo na zauna da feja a kan cinya. Kuma ranar ko ƙara ɗaya ba ta yi ba, abun haushin kenan.

Sannan ga maganar yara. In maman yara na aikin dare ba halin in kwana da su ni kaɗai, don in feja ta yi kuka ƙarfe uku na dare wa zan bar wa su? Sai da muka riƙa biyan 'yar maƙwabta tana kwana a gidanmu. Wato ina gida, a kan gadona, amma ina biyan mai raino. Wando da safa kullum suna ninke a kan kujera kusa da ƙofa, takalmi a buɗe, mota kuma da baya nake fakawa hancinta na kallon titi, lokacin sanyi har tsohon bargo nake shimfiɗa wa gilashin gaba saboda ƙanƙara, don babu lokacin tsayawa kankarewa. Ko wanka zan shiga da fejar nake shiga.

Kuɗin fa? Akwai kuɗin jira da ake baka a shekara, na sabon shiga a lokacin bai kai Yuro 9,000 ba. Sai kuɗin atisayen da muke yi dare ɗaya a sati, sai kuma na fita, wanda ya danganta da yawan kiran da aka samu. Kar wani ya buga lissafi da naira ya ce ai kuɗi ne, ku tambayi nawa ne hayar gida a ƙasar nan tukunna. In gari ya yi lafiya ba gobara ba haɗari, aljihunka ya yi kuka, kai kuma ba ka isa ka yi fatan gidan wani ya kama ba. Mai garejinmu mutumin kirki ne, ya yarda in riƙa fita, amma duk awar da na yi a waje sai ya cire, kuma ban ga laifinsa ba, don akwai ranar da na bar motar wata mata a kan jak taya biyu a ƙasa na arce. Da muka je banki neman bashin sayen gida, matar ta duba takarduna tace kuɗin jira kawai za su lissafa, na fita ba shi da tabbas. Na samu wani aiki mai albashi mai kyau a wata masana'anta, tafiyar minti goma sha biyar, dole na haƙura don ya wuce igiya.

Kuma wani abu da ya bambanta mu da na birni, mu mutanen da muke zuwa cetowa mun san su. Akwai wani dare da aka kira mu haɗarin mota a wata kwana bayan gari, ana ruwa, muna isa na haska lambar motar gabana ya faɗi, don ni na sa mata taya da hannuna. Yaro ne matashi, babarsa ce ke sayar mana da burodi. Aikina a ranar shi ne in shiga kujerar baya in riƙe masa kai kar ya motsa wuya, sauran suna yanka rufin motar da almakashin ƙarfe, gilashi na zubo mana a kan bargon da aka rufa mana. Yana ta tambayata ko babarsa ta sani, ina ce masa kar ka juyo, kalli gaba, faɗa min wace ƙungiyar ƙwallo kake so. Ya rayu alhamdulillah, yana ɗan ɗingishi dai. Mun dawo tasha wajen asuba, muka wanke kaya, na yi sallah, ƙarfe takwas da rabi ina gareji.

Toh a nan ne maganar yuniyan ta shigo. Kun ga irin wannan aiki, kai kaɗai ba za ka taɓa iya cewa a'a ba. Wa za ka ce wa a'a? In ka ƙi fita ba shugaban ƙaramar hukuma ka hukunta ba, maƙwabcinka ka bari a cikin wuta. Kuma hukuma ta san da haka sarai, da wannan kunyar tamu aka daɗe ana tafiyar da aikin a arha. Satin da na fara aiki wakilin yuniyan na tasharmu, wani mai aikin famfo, ya miƙo min fom ɗin SIPTU, ita ce babbar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasar, hedikwatarta na Liberty Hall a Dublin. Maman yara tace cike kawai, don ita 'yar ƙungiyar INMO ce ta nas-nas, kuma a farkon 2019 da ita aka tsaya a bakin asibiti cikin sanyi lokacin yajin aikinsu. Na kira Baba na gaya masa, ina zaton zai ce ɓata kuɗi ne tunda shi yuniyan ba ta ƙwato masa komai ba. Sai yace, "Ka shiga, amma ka riƙa zuwa taro. Wanda ba ya zuwa taro ba shi da bakin cewa an sayar da shi." Nace to Baba.

Na riƙa zuwa kuwa, kuma a nan na gane cewa zama a cikin babbar ƙungiya ma wani aiki ne. SIPTU na da direbobin bas, ma'aikatan asibiti, na masana'antu, ga su nan birjik, mu 'yan tsiraru ne a ciki, kuma a warwatse, takwas a nan tara a can. Taron ma wahala ne, ta yaya za ka tara mutanen da ba su da ikon barin garinsu? Sai dai kowace tasha ta tura mutum ɗaya sauran su tsaya masa. Tsofaffin cikinmu suna yawan ƙorafin cewa shekara da shekaru in ana maganar 'yan kwana-kwana na birni ake nufi, mu ana mana kallon masu taimako ne kawai, alhali horo ɗaya ne, wuta ɗaya ce, hayaƙin da ke shiga huhunsu shi ke shiga namu. Wakilinmu ya taɓa ba mu labarin Birtaniya, inda masu irin aikinmu da goyon bayan FBU, ƙungiyar 'yan kwana-kwanan can, suka yi ta shari'a har kotun ƙoli ta lokacin a 2006 kafin a yarda cewa aikinsu daidai yake da na cikakken lokaci a maganar fansho da kuɗin jinya.

Mu ma mun sa rai da kotu. A 2018 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar wani ɗan kwana-kwana a garin Nivelles na Beljiyam, Matzak, wanda aka wajabta wa zama a gida ya amsa kira cikin minti takwas, tace wannan zaman jiran aiki ne. Kowa ya ɗauka tamu ta zo. Sai ga shi a 2021 an kai irin wannan ƙara daga Dublin, ta wani mai jiran kira da ke tuƙa tasi, kotun tace tunda an bar shi yana wata sana'a kuma ba dole ne ya amsa kowane kira ba, nasa jiran ba lallai a lissafa shi a aiki ba. Ranar da labarin ya zo muna atisaye, dattijon nan manomi ya tofar da yawu yace toh lauyoyi sun gama nasu, saura mu.

Kafin nan mutane sun fara guduwa. A tasharmu wani yaro mai ƙwazo ya ajiye aiki don budurwarsa tace ba za ta auri wanda ba zai iya kai ta cin abinci garin gaba ba, kuma tsakani da Allah ban ga laifinta ba. A ƙarshen 2022 ita kanta gwamnati ta fitar da rahoto a kan aikin, a ciki fiye da rabin waɗanda aka tambaya suka ce da alama za su bari cikin shekara uku. Rahoton nasu ne fa, ba namu ba. Aka yi ta zama da hukumar da ke wakiltar ƙananan hukumomi, maganar ƙarin kuɗi ta ƙi motsi. Aka kaɗa ƙuri'a, muka zaɓi yajin aiki.

Ranar 6 ga Yuni 2023 muka fara, da farko muka daina atisaye da horo, sai amsa kira kawai. Daga 13 ga wata aka koma rufe rabin tashoshi bi da bi, yau taku a rufe ta maƙwabta a buɗe, gobe a juya. Ni dai ban taɓa ganin yajin aiki irin wannan ba. Muna tsaye a bakin tasha da kwalaye da tutocin yuniyan, amma kowa fejarsa na ƙugu, kuma mun riga mun yi magana tsakaninmu cewa in aka ce rai na cikin haɗari za mu jefar da kwalayen mu hau mota. An yi hakan kuwa, ba sau ɗaya ba. Inna ta kira ni daga Kaduna hankali a tashe, wai ta ji ance ina zanga-zanga a ƙasar mutane, "Kai da ka je neman abinci me ya kai ka faɗa da gwamnati, so kake su koro ka?" Nace Inna ki kwantar da hankalinki, doka ce ta ba mu dama, ɗan sandan garin ma ɗazu ya wuce ya ɗaga mana hannu. Ba ta yarda ba sai da Baba ya karɓi wayar.

Mutanen gari sun tsaya mana, wannan ba zan manta ba. Duk motar da ta wuce sai ta danna hon, babar yaron nan da ya yi haɗari kullum sai ta aiko da burodi da shayi, kuma ta tuna ni ba na cin naman alade, nawa daban take naɗewa ta rubuta sunana a jiki. Amma kar in yi muku ƙarya, ranakun da tasharmu ke rufe ba na iya barci. Ina kwance ina lissafin minti nawa motar garin gaba za ta ɗauka kafin ta iso unguwarmu. Wasunmu sun je majalisa a Dublin, da Darragh O'Brien, ministan da ke kula da ƙananan hukumomi a lokacin, ya tashi yana jawabi suka miƙe suka fice. Mu da ke gida muna kallo a waya muna ihu.

Daga nan Kotun Ƙwadago ta shiga tsakani, aka dakatar da yajin aikin, ta kawo shawarar ƙarin kuɗin jira. In ka ji kason sai ka ce abun arziki ne, amma kaso ne na ɗan ƙaramin kuɗi, in ka raba shi a sati ba zai biya mai rainon yarana ba. Kashi 82 cikin 100 muka ce ba mu yarda ba. Ranar 26 ga Yuli muka koma bakin tasha. Wannan zagaye na biyun ya fi ciwo, an gaji, aljihu ya bushe, an fara samun saɓani har a tsakaninmu, wani na cewa a rufe ko'ina gaba ɗaya a ga ƙarshen abun, wani na cewa in aka rasa rai ɗaya garin nan ba zai sake kallonmu da mutunci ba. A tsakiyar Agusta aka koma teburi a hukumar sasanta rikicin ma'aikata ta WRC, aka fito da sabon tayi: kowace tasha a kai ta mutum 12, a ɗauki sabbin ma'aikata wajen 400, jiran dole ya sauko daga sati 48 zuwa 24, wato sati ɗaya kana jira sati ɗaya kana da 'yancin kanka, sannan sabon shiga a tabbatar masa da sama da Yuro 18,000 a shekara ko an fita ko ba a fita ba.

Daren da za mu yi ƙuri'a mun kai sha ɗaya a tasha muna musu. Dattijon nan yace shi a'a zai zaɓa, don alƙawarin mutum 12 a takarda yake, a ina za a samo su a garin da matasa duk sun tafi Ostareliya da Kanada, kuma in ba a samo su ba satin hutun ma tatsuniya ce. Ni nace eh zan zaɓa, don ni ba kuɗin ne ya fi damuna ba, satin nan nake so, ina so in kai yarana masallaci ba tare da na roƙi kowa ba. Yace kai yaro ne, ba ka san mutanen nan ba. Nace masa dattijo, na gani a gidanmu yadda ake fita yajin aiki a dawo hannu rabbana, wannan ko ba komai akwai abun riƙewa. A Satumba sakamako ya fito, kusan kashi biyu cikin uku suka amince. Washegari shi ya zo gareji da tayarsa kamar ba a yi komai ba, har yau shi ke tuƙa mu.

Kuma maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba duka. An ɗauki lokaci kafin a ƙara mana mutane, har yanzu mu goma sha ɗaya ne, saura ɗaya, cikin sababbin akwai mace ta farko a tarihin tasharmu, malamar jinyar dabbobi ce, kuma ta fi mu duka saurin hawa tsani. Satin hutun yana aiki yawancin lokaci, wani lokacin kuma a kira ka ace don Allah ka dawo wane ba lafiya, ka dawo ɗin. Amma na samu Idi a masallaci da yarana, na kai maman yara Dublin mun ci tuwo a gidan wasu 'yan Zariya mun kwana can, da muka koma banki kuma wannan karon sun lissafa kuɗin.

Da mai aikin famfon nan ya gaji ya sauka, sai suka ce ni zan zama wakilin yuniyan na tasha, wai tunda ba na fashin taro kuma na iya ciwon baki. Baba da ya ji dariya ya yi ta yi, yace toh yanzu kai za a riƙa zagi. Haka kuwa aka yi. Abun da ke gabana yanzu shi ne wani saurayi ɗan Sudan da ke aiki a wata masana'anta a bakin gari, yana so ya shiga, ya ci gwajin ƙarfi, gidansa minti uku ne da tasha, amma manajansu yace ba zai bar shi ya riƙa barin layin aiki in feja ta yi ƙara ba. Doka ba ta tilasta masa ba, sai dai lallashi. Na rubuta wa ofishin yuniyan na yankinmu, na kuma samu shugaban tasharmu ya yarda mu je tare da kakinmu ranar Talata mu same shi. Ku taya mu da addu'a manajan nan ya sauko, don in aka samu yaron mun cika sha biyu.